Sabon Zubi ko Tsohon Hannu: Wace Manhaja Ta Dace da Batsari da Safana?

Akwai wata gardama da ta daɗe tsakanin masu kula da manyan kwamfutocin nan da ake kira uwar garke, wato waɗanda ke kulle a ɗaki dare da rana suna riƙe da bayanan banki da asibiti da makaranta da ofisoshin gwamnati. Wani ɓangare yana cewa a ɗora musu babbar manhajar da ta kwana biyu, wadda aka san halinta, a bar ta a haka shekara biyar ko goma ana yi mata ƙananan gyare-gyare. Ɗaya ɓangaren yana cewa zamani ba ya jiran kowa, a riƙa bin sabon zubi da zarar ya fito. Galibin masu wannan ja-in-ja a Turai da Amurka suke zaune, inda wutar lantarki ba ta ƙiftawa, injiniyan da zai yi gyara kuma yana ofishin da ke kusa. Yau ina so mu ɗauko gardamar mu kai ta Batsari da Safana, domin a ganina a irin waɗannan wurare ne ake gane wanda ya fi gaskiya tsakanin ɓangarorin biyu, da kuma inda kowannensu ya yi tuntuɓe.

Bari mu fara da yadda abin yake, saboda mai karatun da ba fanninsa ba ne. Yawancin uwayen garken duniya kan babbar manhajar Linux suke gudana, ita kuma tana da gidaje da yawa. Kamfanin Canonical, mai Ubuntu, yana fitar da sabon zubi duk wata shida, amma irin wannan wata tara kacal yake kula da shi. Sai duk bayan shekara biyu, a watan Afrilu, ya fitar da zubi mai dogon zango, wanda ake gajarta sunansa da LTS, ya yi alkawarin kula da shi shekara biyar kyauta, har goma ga wanda ya yi rajista ta musamman. Lambar zubin ita ce ranar haihuwarsa: 22.04 na nufin Afrilun 2022, 24.04 kuma Afrilun 2024. Debian, wadda 'yan sa-kai suke tafiyarwa tun 1993, takan fitar da tsayayyen zubinta kusan duk shekara biyu. Na 12 ya fito a Yunin 2023, na 13 a Agustan 2025. Red Hat kuwa, ta 'yan kasuwa, shekara goma take bayarwa.

Abin da ke ruɗa mutane shi ne ma'anar kalmar tsayayye. Idan aka ce zubi tsayayye ne, ana nufin an daskarar da shi a kan siffar da ya fito da ita: yadda yake karɓar umarni yau, haka zai karɓa shekara huɗu masu zuwa. Idan aka gano wata ɓaraka ta tsaro, masu kula da shi sukan je cikin sabon zubi su yanko gyaran wannan ɓarakar kaɗai, su liƙa shi a kan tsohon, su bar sauran sababbin abubuwa a can. Red Hat ta 7 ta fito a 2014 da zuciyar Linux mai lamba 3.10, kuma da wannan lambar ta yi ritaya a ƙarshen Yunin 2024, alhali an yi mata faci iri-iri a tsakani. Kamar soron ƙasa ne. Fasalin ginin yana nan yadda kaka ya bar shi, amma kowace shekara kafin ruwa ya sauka sai an hau an yi yaɓe, an gyara indararo. Hasumiyar Gobarau da muke alfahari da ita a Katsina ba don ƙarfin ƙasa kaɗai ta kai yau ba; hannu ne bai daina taɓa ta ba.

To, me ya haɗa wannan da Batsari da Safana? Abin da ya haɗa su shi ne rayuwar mutanen can ta riga ta rataya a kan waɗannan na'urori, ko sun gan su ko ba su gan su ba. Yaron Ruma ko Wagini da zai rubuta jarrabawar JAMB, tun 2015 ba shi da zaɓi sai kwamfuta, kuma kowace cibiyar jarrabawa tana da ƙaramar uwar garkenta a ciki, wadda ke raba wa ɗalibai tambayoyi. Ma'aikaciyar ɗakin shan magani a Runka ko Zakka, alƙaluman rigakafi da haihuwa da take tattarawa duk wata, ƙarshensu manhajar DHIS2 ce, wadda Jami'ar Oslo ta ƙasar Norway ta ƙirƙira, Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya take amfani da ita. Ga lambar shaidar ɗan ƙasa, ga na'urar POS da ta zama bankin talaka, ga albashin ma'aikatan ƙaramar hukuma. Kuma duk shirin tallafi da ya zo yankin, na gwamnati ne ko na ƙungiya, da wuya a rasa kwamfuta da faifan sola a cikin kayan da za a ƙaddamar.

Tambayar da nake yi wa ɗalibaina idan muka zo wannan darasi ita ce: ranar da abin nan ya tsaya, wa zai tayar da shi, daga ina zai taso, kuma ta wace hanya zai biyo? A Abuja amsar minti talatin ce. A gefen dajin Rugu kuwa, injiniyan yana Katsina ko Kano, kuma kafin ya hau hanyar Batsari, ko ya bi ta Dutsinma ya shiga Safana, sai ya yi waya ya tambayi lafiyar hanya, sai iyalinsa sun yarda, wani lokaci sai ya jira rana ta ɗaga. An yi shekarun da zuwa gyaran kwamfuta a waɗannan garuruwa sayar da rai ne. Ko yanzu da ake maganar sulhu, babu ɗan kwangilar da zai ce maka zuwa Safana daidai yake da zuwa Kofar Kaura. Manhajar da ke sauya hali duk wata shida tana buƙatar mai kiwo a kusa da ita. Inda mai kiwon yake nesa, wadda ba ta ba da mamaki ita ce abokiyar zama. Saboda haka ban ɓoye matsayina ba: duk uwar garken da za a ajiye a irin wannan wuri, zubi mai dogon zango ya kamata a ɗora mata, kuma wanda ya ɗora wani abu daban don burgewa ya cuci mutanen da zai tafi ya bari da ita.

Tarihin 'yan shekarun nan yana goyon bayan wannan matsayi. A ranar 29 ga Maris 2024, wani injiniyan Microsoft mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfutarsa daga nesa yana ɗaukar kusan rabin daƙiƙa fiye da yadda ya saba. Da ya bi sawu, sai ya tarar da ƙofar baya da aka dasa da gangan cikin wata 'yar ƙaramar manhajar matse bayanai mai suna xz, a zubi na 5.6.0 da 5.6.1. Wanda ya dasa ta, da sunan aro na Jia Tan, ya shafe kimanin shekara biyu yana taimakon aikin kamar mutumin kirki har aka sakar masa ragama. Gubar ta shiga rassan gwaji na Debian da Fedora, da gidajen da ke bin sabo kullum. Ba ta kai ga tsayayyen Debian ba, ba ta kai ga Red Hat ta 'yan kasuwa ba, ba ta kai ga Ubuntu mai dogon zango ba, domin su suna kan tsohon zubin da aka daskarar tun kafin a sa gubar. Jinkirinsu ne ya cece su. Wata huɗu bayan haka, ranar 19 ga Yuli, kamfanin tsaro na CrowdStrike ya tura wa abokan cinikinsa wani ɗan sabuntawa a lokaci guda, kwamfutoci kimanin miliyan 8.5 masu Windows suka durƙushe, bisa ƙiyasin Microsoft, jirage suka kasa tashi, asibitoci suka koma takarda da biro. Gyaran kuwa sai da mutum ya je gaban kowace na'ura da ƙafarsa. Mai karatu ya kwatanta wannan a ƙauyen da babu mai zuwa.

Sai dai a nan ne nake rabuwa da wasu abokan aikina, masu jin wannan bayani su ce ai dama mun faɗa, kada a taɓa abin da ke aiki. Abin da ake yi a yawancin ofisoshinmu ba shi ne tsayuwar da nake karewa ba. Ɗan kwangila ya zo ya ɗora manhaja, a yanke kyalle, a ɗauki hoto, ya karɓi kuɗinsa ya tafi da kalmar sirri a aljihu. Daga ranar ba wanda ya sake tura mata faci ko ɗaya. Shekara bakwai tana nan a haka, ana cewa lafiya lau take tunda fitilarta tana ci. Wannan soro ne da aka daina yi wa yaɓe, ana jiran marka. Hausawa sun ce sabo turken wawa, kuma abin dariya shi ne karin ya kama ɓangarorin biyu: mai bin sabon yayi ido rufe, da wanda ya saba da tsohon abu har ya manta yana tsufa. A watan Mayun 2017 ƙwayar cutar WannaCry ta shiga asibitocin gwamnatin Ingila, aka soke ganin likita kimanin 19,000, alhali Microsoft ta fitar da maganin ɓarakar tun watan Maris. Faci yana nan, ba a ɗora ba ne kawai.

Yankinmu ma ya ga irin nasa gwajin, ko da yake ba a taɓa tattauna shi ta wannan fuska ba. A farkon Satumban 2021, zamanin Gwamna Aminu Bello Masari, aka rufe layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina saboda matsalar 'yan bindiga, Batsari da Safana na ciki, kuma sai a Disamba aka fara sassautawa. A daidai lokacin an hana sayar da fetur a jarka, wanda ke nufin janareta ma ya shiga wahala. Duk wata na'ura da ke yankin ta yi watanni ba ta ji daga duniya ba. Duniyar kuwa ba ta tsaya ba. Ranar 30 ga Satumba wata tsohuwar takardar shaida ta intanet, wadda miliyoyin shafukan da ke amfani da hatimin Let's Encrypt suka dogara da ita, ta ƙare wa'adinta, tsofaffin na'urorin da ba su karɓi gyara ba suka fara ƙin yarda da shafukan da suka saba shiga. A mako na biyu na Disamba kuma aka bankaɗo ɓarakar Log4j, wadda ta hana masu kula da uwayen garke barci a faɗin duniya. Na'urar da ta farka daga wannan dogon barci, idan zubi mai dogon zango ne a kanta kuma wa'adinsa bai ƙare ba, umarni biyu ko uku sun ishe ta ta cim ma sauran. Idan zubin wata tara ne, mai yiwuwa ta farka ta tarar wa'adinta ya ƙare ko yana gab da ƙarewa, sai an yi mata ƙaura gaba ɗaya. Idan kuwa wadda aka yi watsi da ita ce tun fil'azal, to da barcinta da farkawarta duk ɗaya.

Kada kuma a ɗauka tsayayyen zubi ba shi da nasa haraji. Yana da shi, kuma ɗalibaina masu zafin jini suna da hujja idan suka yi ƙorafi. CentOS ta 7, wadda jami'o'i da yawa suka dogara da ita, ta rayu har 2024 da harshen PHP mai lamba 5.4, wanda masu shi suka daina kula da shi tun 2015. Manhajar koyarwa ta Moodle, zubinta na 4.5 ba ya tashi sai da PHP 8.1 ko sama. Ka ga wanda ke son sabuwar Moodle a kan tsohon gida ya shiga tsaka mai wuya. Haka idan ka sayo sabuwar kwamfuta ko sabuwar na'urar kama sabis, tsohuwar zuciyar Linux tana iya cewa ba ta san ta ba. Akwai kuma abin da masu talla ba su cika faɗa ba: alkawarin shekara biyar na Ubuntu ya fi ƙarfi a kan manhajoji kimanin 2,300 na babban rumbunta, sauran fiye da 23,000 kuwa cikakkiyar kulawarsu sai da rajistar Ubuntu Pro, wadda kyauta ce ga na'urori biyar na amfanin kai, ma'aikata kuma ta biya. Su kansu masu kula da zuciyar Linux sun sha yin gargaɗi cewa mai tsintar gyara ɗaya bayan ɗaya dole wasu su kuɓuce masa, kuma a 2023 aka sanar da rage wa'adin kulawarsu ga zubi mai dogon zango daga shekara shida zuwa biyu, saboda aikin ya yi wa masu yin sa yawa.

Alkawarin ma kansa na ɗan Adam ne. A Disamban 2020 Red Hat, wadda IBM ta saye a 2019, ta sanar cewa CentOS ta 8, da kowa ya sa ran za ta kai 2029, a ƙarshen 2021 za a rufe ta. Waɗanda suka gama ƙaura zuwa kanta suna murna sai ga su suna neman mafaka, daga nan aka haifi Rocky Linux da AlmaLinux. Wannan ya sa nake karkata ga Debian ko Ubuntu idan ƙaramar ma'aikata ta nemi shawarata, ba don sun fi kowa inganci ba, sai don masu hannu a kansu sun fi yawa a tsakanin matasanmu. Direban da ke jigila a hanyar ƙauye ya san dalilin da ya sa yake riƙe da tsohuwar Golf: kowane bakanike a bakin tasha ya san cikinta.

Maganin harajin nan manomi ya riga injiniya saninsa. Idan malamin gona ya kawo sabon iri, geron SOSAT ne ko wani wake daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, manomin kirki ba ya zuba shi a gonar gandu gaba ɗaya. Yakan ware 'yan kunyoyi a gefe, ya ga yadda zai yi da ƙasarsa da ruwan bana, sai baɗi ya faɗaɗa. Abincin gida yana kan irin da aka sani. A harkar uwar garke ma haka ake yi: a bar ginshiƙi tsayayye, sabuwar manhajar da ake buƙata a sa ta cikin abin da ake kira akwati, irin na Docker, ta zo da nata sabon PHP ɗin ba tare da ta taɓa sauran gidan ba. Kuma kowane sabuntawa a fara gwada shi a wata tsohuwar kwamfuta da aka ware don haka, kafin ya taɓa wadda jama'a suka dogara da ita.

Wanda ke ganin wannan tsirfar malaman jami'a ce, ya tuna da jarrabawar JAMB ta 2025. Ranar 14 ga Mayu shugaban hukumar, Farfesa Ishaq Oloyede, ya fito gaban 'yan jarida yana hawaye ya amsa cewa an samu kuskure a sakamakon ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da Kudu maso Gabas. Bayanin da aka yi shi ne wani gyara da aka yi wa manhajar bai hau kan wasu uwayen garken ba, alhali ya hau kan wasu. Gida ɗaya, zubi biyu. Yaran Arewa sun tsira a wannan karo, amma ba don wata dabara tamu ba. Na yaba wa Farfesan da ya fito ya faɗa, domin ba kasafai ake haka a ƙasar nan ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, idan hukuma mai kuɗi da ƙwararru irin wannan za ta yi tuntuɓe a kan faci ɗaya, ina ga ƙaramar cibiya da malami ɗaya ke riƙe da ita a kan albashin da bai kai ya kawo ba?

Akwai wani ɓangare na laifin da ke kanmu mu masu koyarwa da masu duba aiki. Ɗalibi yakan zo kare aikinsa na ƙarshe yana taƙama da cewa komai nasa zubin makon jiya ne, a tafa masa, ba wanda zai tambaye shi ko abin zai tashi bayan shekara uku. Mai binciken ofis kuma yakan ga tsohuwar lamba a kan manhaja ya rubuta cewa tana da hatsari, bai san an yi mata faci ta ciki ba. Ko ya ga sabuwar lamba ya wuce, bai san wata tara ne ranta ba. Jami'ar Tarayya ta Dutsinma tana maƙwabtaka da Safana, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a Katsina. 'Ya'yan Batsari da Safana suna cikin azuzuwansu. Yaron da gidansu ke Runka, idan aka koya masa riƙon uwar garke da gaske aka kuma ɗauke shi aiki, ya fi injiniya goma da ke Abuja amfani, domin shi ba sai ya tambayi lafiyar hanya ba. Zai iya zuwa Katsina sau ɗaya a wata ya kwafo dukkan facin da ya fito a kan faifai ɗaya, ya dawo ya raba wa na'urorin garinsu ko da babu sabis. Debian da Ubuntu duk sun tanadi hanyar yin haka, kuma ba ta cin ko sisi bayan kuɗin mota.

Ga shugabannin ƙananan hukumomi da jami'an da ke sa hannu a takardun kwangila, ba sai kun iya kwamfuta ba kafin ku kare dukiyar jama'a. Kafin a biya kuɗin ƙarshe, a sa ɗan kwangila ya rubuta sunan babbar manhajar da ya ɗora da lambar zubinta da ranar da masu ita za su daina kula da ita, ya miƙa kalmomin sirri ga ma'aikata a rubuce, a kuma fayyace wanda zai riƙa ɗora faci da abin da za a biya shi duk wata. A liƙa ranar ƙarewar a jikin na'urar kamar yadda ake rubuta ta a kwalbar magani. Windows 10, wadda ke kan galibin kwamfutocin ofisoshinmu, Microsoft ta daina kula da ita kyauta tun 14 ga Oktoban 2025. Ubuntu 20.04 ta fita daga kulawar kyauta a Mayun 2025. Wadda aka ɗora wa 22.04 tana da sauran numfashi zuwa 2027, kuma ƙaura irin wannan ba a yin ta a makon jarrabawa ko ranar biyan albashi, ba a fafe gora ranar tafiya. Kuɗin da za a yi ta da shi, a kasafin da za a rubuta cikin 2026 ya kamata ya fito.